Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Jita da Askin Soja

Makon jiya mun tsaya a inda aka haɗa ni ɗaki ɗaya da wani yaro ɗan Koriya a birnin Daegu, shekarar da nake koyon harshensu. Na girme shi, don haka "hyung" yake kirana, kamar yadda ƙani ke kiran wansa.

Yaron nan yana da wata tsohuwar jita ta katako, marar lantarki. Da farko kiɗansa bai burge ni ba ko kaɗan. Ni da na tashi da kalangu, wanda ko kana kwance sai ƙafarka ta motsa, sai ga mutum yana tsinkar tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, yana rera waƙa ƙasa-ƙasa kamar mai gudun kada ya tashi jariri. Babu ganga, babu 'yan amshi. Kana jin shaƙar numfashinsa kafin kowane baiti, kana jin ƙarar yatsunsa suna zamewa a kan tsirkiya. Inda kake jiran ya ɗaga murya, nan zai sassauta ta.

Wata Asabar cikin kaka ya ce, "Hyung, tashi mu je ka ga mai gidan wannan kiɗa." Ya kai ni gefen kasuwar Bangcheon, wani lungu mai tsawon kusan mita 350 da aka sa wa sunan Kim Kwang-seok. A unguwar aka haifi mawaƙin a 1964, ya rasu a 1996 yana da shekara 31. An zana hotunansa a bango, ga mutum-mutuminsa riƙe da jita, muryarsa na fitowa daga sifikoki. Abokina ya ce a wani ƙaramin ɗakin wasa mai suna Hakjeon a Seoul mutumin ya cika wasansa na 1,000 a 1995, da jita da hamonika, wato ɗan ƙaramin abin busa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wasu dattawa maza da na gani, masu furfura, kowa ya tsaya shi kaɗai yana kallon ƙasa. Ba mai tafi, ba mai rawa. A ganina irin wannan waƙa ba tara jama'a take yi ba, kowa take kora cikin zuciyarsa, kuma don hakan suke zuwa.

Na tambayi abokina abin da waƙar da ke tashi take cewa. Ya ce saurayi ne zai tafi soja, ya durƙusa ya gaida iyayensa, ya fita ƙofar gida, ya ga kansa a madubi da ƙwal-kwabo. A Koriya ta Kudu aikin soja dole ne a kan namiji mai lafiya, wata 18 a rundunar ƙasa yanzu, a zamanin dattawan nan kuwa ya fi haka tsawo.

Muna cikin bas a hanyar komawa ya zaro wayarsa ya nuna mini takardar kiransa. Sansanin horo na Nonsan, bayan hutun sanyi.

"Jitar fa?" na ce.

"A wurinka zan bar ta, hyung. Ka koya kafin na dawo."

Yadda na raka shi wurin wanzami, da abin da mahaifiyarsa ta ce mini a tasha, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.