Yadda na zaɓi mazaunin kibiya mai faɗuwa

Shekara huɗu na yi ina farauta da baka mai gargare, irin wanda Holless Wilbur Allen ya yi wa rajistar ƙirƙira a Amurka a 1969, kuma duk tsawon lokacin kibiyata a cikin zoben buroshi take zama, wato Whisker Biscuit. Bai taɓa ba ni kunya ba. Ko ka kifa bakan, kibiya tana nan daram. Tunanin sauyi ya zo mini ne da na koma amfani da kan kibiya mai faffaɗar reza wadda ba ta naɗewa. Irin wannan kai yakan ƙwace ragamar kibiya a iska, sai an manna mata fikafikai a karkace don ta riƙa juyi tana tafiya sak. Fikafikan nan kuwa dole su ratsa buroshi a kowane harbi, ni kuma so nake su wuce ba su taɓa komai ba.

Aikin mazauni mai faɗuwa ke nan: ya tallafi kibiya lokacin da kake ja, da ka saki tsirkiya kuma ya kwanta kafin fikafikai su iso. Kibiyar farauta tana fita da gudun ƙafa 270 zuwa 290 a daƙiƙa, ka ga kenan kafin ƙiftawar ido ya kamata ya gama.

Iri biyu ne. Akwai wanda ake ɗaura igiyarsa a kebul ɗin baka (igiyar da ke haɗe da gargare) da ke sauka ƙasa idan an ja baka, kamar na kamfanonin QAD da Ripcord. Akwai kuma wanda ake ɗaura ta a hannun baka, wato ɓangaren da ke lanƙwashewa idan an ja, kamar na kamfanonin Vapor Trail da Hamskea. Shi wannan idan hannun ya lanƙwashe igiya takan saki, sifirin ya ɗaga mazaunin, da an harba kuma hannun ya fizge shi ƙasa.

Na fara da wani mai kebul, na ɗaura da kaina cikin gaggawa. A yadi 20 komai lafiya lau. A yadi 40 kibiya mai reza ta riƙa sauka nesa da inda ta atisaye take sauka, yau hagu, gobe ƙasa. Mako biyu ina matsar da saiti, ina zargin kibiyoyi, har na fara zargin hannuna. Wani dattijon maharbi da muke atisaye tare ya dube ni ya ce, "Malam, ka tambayi takarda mana, ita ba ta ƙarya." Muka ɗaure takarda a firam, na tsaya kamar ƙafa shida daga gare ta na harba. Maimakon rami ɗaya mai tsagi uku, sai ga doguwar yaga ta yi sama. Ya fesa farar hoda a fikafikai da kan mazaunin, na sake harbi, sai ga sawun gogayya a fiffiken ƙasa ɓaro-ɓaro.

Laifin igiya ne, kuma ni na ɗaura ta. Ka'ida ita ce mazaunin ya gama miƙewa a incin ƙarshe na ja, ko inci da rabi. Nawa tun da sauran tafiya yake miƙewa, saboda haka ya makara wajen kwanciya, ga shi igiyar tana jan kebul har ta ɓata daidaiton gargaren biyu. Wannan shi ne abin da na fi so mai sabon shiga ya ji: kafin ka ce kaya ba shi da kyau, duba tsawon igiyar nan. Muka gyara ta, muka sa tsakiyar kibiya ta tsaya kusan inci 13/16 daga jikin baka, tana ratsa saitin ramin da ake ɗaura mazaunin. Daga nan sai matsarwa kaɗan-kaɗan, kamar kaurin farce. A nan na gane amfanin mazauni mai notin daidaitawa mai ƙas-ƙas, domin nawa da ka kwance shi sai ya zame fiye da yadda kake so.

Duk da ya gyaru, ban zauna da shi ba. Wata safiya mai sanyi na ja baka a kan barewa, ta shige bayan itace, na sassauta a hankali, sai mazaunin ya faɗi, kibiya ta bugi ƙarfe ta ce ƙwal. Barewar ta ɗaga kai, ta yi gaba. Tun ranar nake gwada abu uku kafin in saya: ko yana killace kibiya ta kowane gefe, ko yana tsayawa a sama idan an sassauta, da kuma irin ƙarar da yake yi a ɗaki shiru. Masu hannun baka suna da nasu alheri, don sun fi sauƙin ɗaurawa, ba sa taɓa kebul, kuma sukan daɗe suna tallafar kibiya kafin su kwanta. Mai harbin nesa zai so su. Ni dai da rarrafe nake farauta cikin ƙirya da ƙaya, doguwar igiya a gefen baka tana sa ni fargaba, shi ya sa na koma wani mai kebul da ake iya ɗana shi da babban yatsa tun kafin a ja.

Na liƙa ƙyalle mai laushi a bakinsa da kan dandamalin baka, na yi wa igiyar alama da farin fenti daidai inda ta shiga kebul. Kullum kafin in fita nakan duba alamar, in ja sau uku ina kallon lokacin da mazaunin ke miƙewa, sannan in jefa guntuwar igiya ta ko-ta-kwana da ƙaramin makullin noti a aljihun kwari.