Laraba da Dare: CPAP a Kan Keken Motsa Jiki

Rabin aikin yau ya tafi ne a kan katin na'ura guda ɗaya. Wani bawan Allah mai ɗaukewar numfashi a barci ya zo bibiya, da aka saka katin ajiyar bayanan CPAP ɗinsa, wato na'urar da ke tura masa iska ta takunkumin fuska yayin barci, a kwamfuta sai ga abin da ba a saba gani ba. Bayan sa'o'in dare, kullum da yamma akwai wani zango na kusan rabin sa'a, iska na zurarewa ba ƙaƙƙautawa, matsi yana hawa yana sauka. Ashe sanye da takunkumin yake tuƙa keken motsa jiki a ɗaki. Hujjarsa ita ce, tunda na'urar tana buɗe masa hanyar iska da dare, ai za ta ƙara masa numfashi idan yana haki. Ba shi kaɗai ke wannan lissafi ba, shi ya sa nake so in rubuta maganar dalla-dalla.

Cutar nan ta barci ce. Idan mutum ya yi nisa a barci, tsokokin harshe da na maƙogwaro suna saki, hanyar iska ta rufe na daƙiƙa 10 ko fiye, jiki ya zabura ya buɗe ta, sannan a sake komawa gidan jiya. Abin da Colin Sullivan ya ƙirƙiro a Sidni ta Ostireliya, aka wallafa a 1981, iska ce mai ɗan matsi da ke tokare wannan hanya kada ta rufe. Ba ta ƙara oksijin, iskar ɗaki ce mai kashi 21 cikin ɗari kamar wadda kowa ke shaƙa, kuma ba ta yi wa mutum numfashi. Wanda yake a farke, balle mai motsa jiki, tsokokin nan a tsaye suke, hanyarsa a buɗe take. Babu abin da na'urar za ta tokare.

Da a ce rashin amfani ne kawai da da sauƙi. Damuwar ita ce injin ba a gina shi don irin wannan numfashi ba.

Mutum a zaune yana numfashi sau 12 zuwa 16 a minti, kowane ja kusan rabin lita, wato lita 6 zuwa 8 a minti. A motsa jiki matsakaici abin yakan kai lita 40 zuwa 60, mai ƙarfi kuma ya haura 100. Sannan ba a jan iskar daidai wa daida. Shaƙa ba ta cin ko rabin lokacin numfashi, don haka a tsakiyar ja gudun iskar yakan ninka wancan adadi sau biyu zuwa uku. Wanda ke shaƙar lita 50 a minti yana iya neman gudun da ya kusa lita 150 a wannan ɗan lokaci, ga kuma wadda ke fita ta hudojin takunkumi. A nan ƙaramar fankar da ke cikin injin gida take fara gazawa. Matsin da aka saita, a ce santimita 10 na ruwa a ma'aunin matsi, sai ya faɗi daidai lokacin da ake shaƙa, mutum ya ji yana jan iska da ƙyar ta cikin tiyo mai tsawon mita 1.8. Idan ya zo fitarwa kuma fankar ta riga ta ɗauki gudu, sai ya tura iskarsa a kan matsin da ya wuce saiti. Wahala ta gaba da ta baya ke nan. Tsarin sassauta matsi wajen fitar da numfashi, wanda ke rage santimita 1 zuwa 3, an yi shi ne don numfashin mai barci, ba ya iya bin mai haki sau 35 a minti.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gurɓatacciyar iska. Tiyon CPAP guda ɗaya ne, babu hanyar dawowa. Kabon dayoksaid da mutum ya fitar tana fita ne ta ƙananan hudojin da ke jikin takunkumi ko gwiwar da ke haɗa shi da tiyo, kuma yawan iskar da ke bi ta nan ya dogara da matsi kaɗai: kusan lita 20 a minti a matsi na 4, wajen 30 da ɗoriya a matsi na 10. Wannan ya ishi mai barci, wanda ke samar da kusan lita 0.2 ta kabon dayoksaid a minti. Mai motsa jiki sosai yana iya samar da ninki goma na haka, hudojin kuwa ba su ƙara faɗi. Abin da bai samu fita ba sai ya koma cikin tiyo, wanda cikinsa ke ɗaukar kusan rabin lita, a sake shaƙe shi a ja na gaba. Alamarsa ciwon kai, nauyin kai, da jin kamar iska ba ta isa komai yawan ja. Mutane da yawa idan sun ji haka sai su sauke matsin zuwa 4 don su sami sauƙi, alhali hakan ne ke ƙara rage wanke iskar. Ko takardar da ke zuwa da takunkumi tana gargaɗi a kan sake shaƙar iska a ƙaramin matsi, kuma da mai barci take magana.

Sai zancen jini. Matsi a cikin ƙirji yana rage yawan jinin da ke komowa zuciya. A kwance cikin dare jiki yana daidaita wannan ba tare da an sani ba. A tsaye, ga gumi ya zuba, ga jijiyoyin ƙafa a buɗe, ga wataƙila maganin hawan jini mai sa fitsari, jiri na iya ɗibar mutum, musamman a lokacin da ya tsaya cak bayan gudu. Haɗiyar iska ma tana ƙaruwa, ciki ya kumbura, gyatsa da ƙwannafi su biyo. Wanda ke sanye da takunkumin da ya rufe hanci da baki, idan amai ya taso masa yana haki, hatsari ne na gaske.

Katin da na duba yau na injin da ke sauya matsi da kansa ne, tsakanin 4 da 20. Irin wannan yana sa ido a kan siffar numfashi, idan ya ga alamar toshewa sai ya ƙara matsi. Numfashin mai farke kuwa cike yake da haɗiyar yawu, magana, da riƙe numfashi wajen yunƙuri, injin kuma bai san mutum a farke yake ba. Yana iya ƙara matsi babu dalili, yana iya rubuta tsayawar numfashin da ba ta auku ba. Daga wannan kati ake yanke hukunci: idan tsayawar numfashi tana ƙasa da sau 5 a sa'a magani na aiki, idan adadin ya hau sai a fara tunanin sauya saiti ko takunkumi. Idan an cakuɗa rabin sa'ar keke da sa'o'in barci, adadin tsayawar numfashi, yawan zurarar iska da sa'o'in amfani duk sun gurɓace. Dole muka ware zangon yamma daban kafin ainihin darensa ya fito, kuma daren nasa lafiya lau yake.

Kayan ma suna shan wahala. Gumi yana sa robar takunkumi zamewa, mutum ya ƙara ɗaure madauri, karan hanci ya yi ja ko ya sale. Tankin ruwan da ke jiƙa iska idan aka fizgi tiyo yakan tuntsure, ruwa ya shiga fanka, kuma sau da yawa ƙarshen injin ke nan. A kan injin gudu tiyo da wayar wuta abin tuntuɓe ne.

Duk da haka akwai inda ake haɗa matsin iska da motsa jiki, kuma wataƙila daga nan ne jita-jitar ta samo tushe. Masu cutar toshewar huhu mai tsanani, wato COPD, ba su iya fitar da iska duka kafin ja na gaba ya zo. Da sun fara tafiya iska ta taru a huhu, ƙirji ya cika, kowace shaƙa sai sun fara yaƙi da matsin da ya maƙale a ciki. A 1988 O'Donnell da abokan aikinsa a Kanada sun nuna cewa ɗan matsi na santimita 4 zuwa 5 yana rage wa irin waɗannan haki, su ƙara jimawa a kan keke. Haka ma waɗanda bangon bututun iskarsu ya yi laushi yana lotsawa wajen fitar da numfashi, wasunsu suna amfana da matsi yayin tafiya. Waɗannan cututtuka ne na farke, daban suke da ɗaukewar numfashi a barci.

Kuma yadda ake yi a sashen farfaɗo da huhu ya bambanta ƙwarai. Kafin komai ana tabbatar da babu huhun da ya taɓa fashewa ya tara iska a ƙirji, babu manyan kumfan iska a huhu, matsin jini bai yi ƙasa ba, ba a yi aikin kai ko na fuska kwanan nan ba. Yawanci injin mai matsi biyu ake ɗauka, mai fanka mai ƙarfi: ƙaramin matsi wajen fitarwa, kamar 4 ko 5, babba wajen shaƙa, a saita shi ya hau da sauri. Ana cire tankin ruwa. Ana fara sa takunkumin a zaune na wasu mintoci har mutum da injin su daidaita, sannan yawanci a hau keken da ba ya motsi daga wurinsa. Ma'aunin oksijin yana maƙale a yatsa, ba a barin shi ya sauka ƙasa da kashi 88 zuwa 90, ana auna bugun zuciya da hawan jini, ana tambayar mutum ƙarfin hakinsa a ma'aunin 0 zuwa 10. Idan za a haɗa da oksijin, injin ake fara kunnawa sannan a buɗe oksijin, wajen kashewa kuma oksijin ake fara rufewa, don kada ta taru cikin injin ta jawo gobara. Ma'aikaci yana tsaye a gefe tun daga farko har ƙarshe. Saitin barcin mutum ba ya shiga wannan lissafi sam.

Abin da na faɗa wa mutumin yau shi ne ya ci gaba da keken, ya bar takunkumin a gefen gado. Motsa jiki da kansa magani ne ga cutarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Binciken Wiskonsin ta Amurka da aka wallafa a 2000 ya nuna raguwar nauyi da kashi 10 cikin ɗari tana tafiya da raguwar tsayawar numfashi da kusan kashi 26. Ko nauyi bai sauka ba ana ganin sauƙi, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne ruwan da ke taruwa a ƙafa da rana yana gangarowa wuya idan an kwanta, tafiya kuwa tana rage taruwarsa. Amma ba a ajiye CPAP don an fara motsa jiki. Idan nauyi ya sauya sosai, sai a sake gwajin barci a daidaita matsin.

Lokaci guda da nake ƙarfafa sa takunkumi a farke shi ne ga sabon shiga da ke jin kamar an shaƙe shi: ya zauna minti 15 zuwa 30 da injin a kunne yana karatu ko kallo, har fuska ta saba, kuma ya sanar da mai duba katinsa.

Wani abu kuma bai kamata ya wuce ba a tambaya. Me ya sa hakin ya dame shi har ya nemi taimakon inji? Ɗaukewar numfashi a barci ba ta sa haki da rana. Idan mutum yana haki fiye da ƙima a ɗan aiki, ko ƙirji na masa nauyi, ko ƙafa na kumbura, ko bugun zuciya na tsalle, to a duba zuciya, huhu, asma da ƙarancin jini, domin hawan jini da rikicewar bugun zuciya suna yawan tafiya tare da wannan cuta. An rubuta masa awon zuciya, gwajin hura iska da awon jini, zai dawo da sakamakon tare da katin.