Talata a ɗakin masu sanƙarau

Zafin bazara ya kankama, ga ƙura ba ta gama tafiya ba. Duk wanda ya yi aikin asibiti a Sakkwato ya san lokacin sanƙarau ke nan.

Da hantsi aka kawo mana yaro daga wani ƙauye ta wajen Wamakko, bai wuce shekara tara ba. Jiki zafi rau, wuya ya sandare, ko haske ba ya so. Na ce wa mahaifinsa za mu ɗebi ruwan laka ta bayansa. Nan take ya murtuke fuska.

"Likita, ba za a taɓa mini bayan ɗa ba. Haka aka yi wa maƙwabcinmu, bai sake tashi ba."

Ana cikin haka Farfesa ya shigo zagaye. Ya raɗa mini in fara allurar seftiriyazon, maganin kashe ƙwayoyin cuta, kada in jira komai, sannan ya jawo benci ya zauna kusa da mutumin. Sai da ya tambaye shi mutanen gida da yadda albasa ta yi bana kafin ya kawo maganar.

"Malam, allurar bayan nan ƙasa da inda laka ta ƙare take shiga, kuma ruwan da za mu ɗiba bai cika cokali ba. Yawanci sai ciwo ya ci ƙarfin mutum ake kawo shi, in ya rasu a ɗora wa allura laifi."

Uban ya daɗe shiru, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi."

Ruwan ya fito fari-fari kamar an ɗiga nono a ciki. Farfesa bai tsaya nan ba. Ya tambayi yara nawa ke kwana ɗaki ɗaya da shi, ya sa aka tura samfurin ɗakin gwaji a gano nau'in ƙwayar, ya kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukumar da kansa. Wannan kiran ya fi komai burge ni yau. Ni yaron da ke kan gado kaɗai nake gani, shi kuwa ƙauyen gaba ɗaya yake tunani.

Bayan azahar ya ba mu labarin 1996, yana sabon likita, shekarar da sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe sama da 11,000. Rigakafin nau'in A da aka fara a 2011 ya karya lagonsa, sai nau'in C ya ɓulla da ƙarfi a 2017 a Zamfara da Sakkwato da Katsina. A 2024 Nijeriya ta riga kowace ƙasa fara amfani da rigakafin da ya haɗa nau'i biyar. Shi ya sa ya dage a san wane nau'i ne ya kama yaron nan.

Kafin in tashi aiki zazzaɓin ya ɗan sauka, har ya kurɓi kunu a hannun uwarsa. Allah Ya ba shi lafiya. Farfesa ya ce kada a sallame shi sai an gwada jinsa, don sanƙarau kan bar yaro da kurumta. Na rubuta a fayil ɗinsa da jan biro.