Garin da maƙeri ke barbaɗawa, da abin da ke cikinsa

Jiya na biya ta Kasuwar Dole in karɓo zoben uwargida da na kai liƙi, na tarar da maƙerin yana barbaɗa wani farin gari a bakin azurfar kafin ya sa wuta. Na ce baba wannan fa? Ya ce boraks ne ɗana, in babu shi liƙi bai kamawa. Wallahi tun daga can har na iso gida Birni abin bai bar kaina ba, saboda shekara nawa ina koyar da shimi a lise amma ban taɓa kai ma yara garin nan aji ba.

To ga abin da ke ciki. Boron ƙwayar zarra ce ƙarama, kuma zama biyu gare ta. Wani lokaci oksijin uku ke kewaye ta a shimfiɗe kamar duwatsun murhu, ita tana tsakiya. Wani lokaci kuma na huɗu ya hau sama kamar an aza tukunya, ita tana nan inda wuta take. Shi kenan fa, daga waɗannan biyun ake ɗinka zobba da sarƙoƙi da shimfiɗu, ƙarfe irin su sodiyom ko bariyom su zauna a ramukan da suka rage. A boraks ɗin baba zoben na boron huɗu ne, biyu masu murhu kawai biyu masu tukunya.

Amma wanda ya fi burge ni shi ne wanda ake haɗawa a labo, BBO, wato bariyom da boron da oksijin. Chen Chuangtian da mutanensa a Fujian ta ƙasar Sin su suka fito da amfaninsa a shekarun 1980. Zobbansa na boron uku da oksijin shida ne, a kwance, an jera su hawa hawa. Kuma iri biyu ne, alfa da beta, kayan haɗi ɗaya sak, zafi ne ke raba su wajen digiri 925. A alfa jerin yana da cibiya, abin da ke wannan gefe akwai kishiyarsa a wancan, sai aikinsu na canza ma haske launi ya kashe juna. Beta ba ta da cibiyar nan, shi ya sa in ka harba mata hasken lazer na 1064 nanomita (awon tsawon igiyar haske ke nan, shi ke nuna launinsa) wanda ido bai gani sai wani sashe ya fito kore shar, na 532 nanomita. Kai jama'a, dutse garai garai kamar ƙanƙara ya canza ma haske launi, kawai don yadda aka jera shi!

Kuma ba da ido aka ga jerin ba, hasken X ake haskawa a karanta yadda ya watse, aikin da ya ba masani Bragg da ɗansa kyautar Nobel a 1915.

Baba ya ƙulla mini kaɗan a leda, ya ƙi karɓar ko dala. Ran Litinin in sha Allah za mu narka shi a ruwan zafi da yara, mu rataya zare ciki mu bar shi ya kwana.