Godiya ga mutanen Kribi da duk wanda ya taya mu addu'a

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillah mun dawo daga Kribi lafiya, kuma autata da ruwan teku ya ja a can, wadda kuka yi ta kira kuna tambayar jikinta, ta warware sarai, jiya ma ta koma makaranta. Waɗanda ban ɗaga wayarsu ba a kwanakin nan dan Allah ku yafe ni, hankalina ne bai gama dawowa jikina ba.

Maigida ne ya zaɓi garin saboda Hajiya, mahaifiyarsa, ba ta son hayaniya ko kaɗan, kuma gaskiya bai yi kuskure ba. Ƙaramin gari ne a kudancin Kamaru a bakin tekun Atlantika, kusan awa uku a mota daga Duwala ta hanyar Edeya, babu cunkoso babu hon ɗin motoci, sai yashi da itatuwan kwakwa da kwale-kwalen masunta. Kwana uku na farko wallahi ban taɓa ganin yaran nan cikin farin ciki haka ba. Mun je ruwan Lobe, wajen kilomita 7 kudu da gari, inda kogi yake zubowa daga kan duwatsu ya faɗa cikin teku kai tsaye, Hajiya ta tsaya tana ta tasbihi ta kasa tafiya. Mun ga tsohuwar hasumiyar da Jamusawa suka gina a 1906 don haska wa jiragen ruwa hanya, da yamma kuma mu zauna inda masunta ke sauke kifi a gasa mana nan take.

Rana ta huɗu ce abin ya faru. Yarinyar nan, shekararta tara, ta shiga wani wuri da ruwan ya kwanta luf, babu kumfa babu igiya, ni da kaina na nuna mata wajen don na ɗauka shi ya fi lafiya. Ruwan bai wuce ƙugunta ba, kafin in juya in amsa wa Hajiya magana sai na hango kanta can nesa tana ɗaga hannu, ni ban iya ruwa ba, maigida ya tafi sayen ruwan sha, ihu kawai nake yi.

Wani dattijo da ke ɗinkin komarsa a ƙarƙashin bishiya shi ya faɗa ruwan da kayan jikinsa. Baba, ban san da wane baki zan gode maka ba. Da ya kamo ta bai nufo gaci da ita kai tsaye ba, gefe ya yi da ita sai da suka fita daga jan ruwan sannan igiya ta turo su. Daga baya wani yaron otal ya fassara mana bayaninsa, ashe inda ruwa ya yi duhu ya yi shiru tsakanin igiyoyi, nan ne ruwan da ya taru a gaci yake komawa cikin teku da ƙarfi, kuma ko gwanin ninƙaya ya yi kokawa da shi zai gaji. Iyaye dan Allah ku riƙe wannan, ku tambayi masunta inda ya kamata yara su shiga.

Ina godiya ga matar da ke gasa kifi da ta kwance zanenta na sama ta lulluɓe yarinyar, ko yaren juna ba ma ji amma ta riƙe hannuna har asibiti. Da mai tasin da ya ƙi karɓar ko sisi. Da nas ɗin da ta hana mu tafiya duk da yarinyar tana magana tana dariya, ta ce ruwan da ya shiga huhu yana iya kawo matsalar numfashi bayan wasu awanni, muka kwana tana leƙo mu har asuba. Allah ya saka muku da alheri, ya raya muku zuri'a.

Baban ya ƙi kuɗin da maigida ya miƙa masa, sau uku. Hajiya ta lura komarsa duk faci ce, yanzu haka mun yi magana da yaron otal ɗin zai sayi sabuwa ya kai masa ranar Asabar insha Allahu.