Katun ɗin da na kushe a rediyo

Juma'ar da ta wuce na yi sallama da gidan rediyonmu, bayan shekara 4 ina gabatar da shirin sharhin fina-finai. Abokan aiki suka ce in rubuta abin da na koya. Da na zauna rubutun, sai maganar wani yaro ta danne komai.

A shekarata ta biyu ya zo, matashi ne da bai fi 19 ba, ya miƙo mini filash da hannu biyu. Ya ce, "Yaya, katun na yi, don Allah ka duba." Minti 10 ne, labarin akuya da mai gadin kasuwa. Motsin yana ƙyafƙyafta, baki bai bin magana, ana jin ƙarar janareta a bayan muryoyin. Sau ɗaya na kalla. Ranar Asabar na hau shiri kai tsaye na yi masa kaca-kaca, na ce mai son yin fim ya fara neman jari. Masu kira suka taya ni dariya.

Ana dab da rufe layi wani dattijo ya kira daga Maraɗi. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ɗana, ka san Moustapha Alassane?" Na ce a'a. Ya ce in je in nema, sannan in dawo in yi sharhin katun.

Na nema. Mutumin Nijar ne, makanike ne tun farko, shi ya koya wa kansa zane. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, ɗan gajeren katun baƙi da fari a kan shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, ana ta fareti da busa. Zanen ba ado, amma habaicin da ya yi wa shugabannin da suka gaji Turawa har yau yana da kaifi. Ya daɗe a Tawa yana aikinsa, ya rasu a 2015. Ga shi nan a maƙwabta, ni mai kiran kaina masanin fim ban taɓa jin sunansa ba.

A nan ne na fara lissafi. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, masu zanen hannu sukan yi 12 su maimaita kowanne sau biyu. Minti 10 ke nan zane 7,200. Ko da rabin haka yaron nan ya yi, zane 3,600 ne, a tsohuwar kwamfuta, da wutar da kowa ya san halinta. Na sake kunna filash ɗin. Sai na ga abin da na tsallake: yadda akuyar ke ɗan dakatawa ta saci kallon mai gadi kafin ta kai baki kan tumatir. Wannan dakatawar ba kuɗi ke saye ba, ido ne, kuma yaron yana da shi.

Daga baya na ci karo da fim ɗin Who Killed Captain Alex?, wanda wani ɗan Uganda mai suna Nabwana ya yi a unguwar Wakaliga ta Kampala a 2010 da kuɗin da bai kai dala 200 ba. Jirgin yaƙinsa kowa ya san na kwamfuta ne, ga mai surutu a kan fim ɗin kamar masu fassarar Indiyanmu, amma yana da 'yan gani-kashe-ni har Amurka da Turai. Irin waɗannan fina-finai ba sinima ke raya su ba, hannu da hannu suke yawo, wannan ya ba wancan.

Na shirya shiri guda a kansu, da niyyar in gayyato yaron in nemi gafararsa a inda na ci masa fuska. Na kai wa shugaban sashe. Ko buɗe takardar bai yi ba. Ya ce katun na yara ne, kuma wane ɗan kasuwa zai ba da talla a kan kwaɗi? Na ce, "Ranka ya daɗe, minti 15 kawai." Ya ce in kawo hira da jarumar da ake yayi. Sau uku ina komawa cikin shekara biyu, amsa ɗaya. Wanda zai gaje ni ya sani, a gidan nan mai talla ne edita, ko an faɗa ko ba a faɗa ba.

Sauran darussan ba su da tsawo. Kada a yi sharhin abin da aka kalla sau ɗaya. A tambayi nawa aka kashe da mutum nawa suka yi aikin kafin a kwatanta shi da na Disney. Mummunan sauti ya fi mummunan hoto korar mai kallo, wannan kam da na faɗa wa yaron a keɓe da ya amfana. Tun daga ranar ban ƙara sa wani ƙaramin mai fim a bakin masu kira ba, kuma da wannan nake alfahari.

Filash ɗin yana cikin jakata. Lambar da ya rubuta a jikinsa da biro na kira ta jiya ma, a kashe take.