Kafin ku toshe ramin da dasashi ya bari

Ina da shekara 34 na lura da wasu 'yan ramuka baƙaƙe masu kusurwa uku a gindin haƙorana na ƙasa. Ba wushirya ba ce, don haƙoran suna manne da juna ta sama, dasashin ne ya ja baya. Ni na jawo wa kaina. Shekaru ina dirzar baki da buroshi mai tauri kamar mai wankin tukunya, ina sakace da tsinke, in tofar da jini in ce ai datti ne ke fita.

Ƙannena, kuskure na biyu ya fi ci mini rai. Kunyar murmushi ta sa na matsa wa wani likita ya cike mini ramukan a ranar, alhali dasashin a kumbure yake. Da kumburin ya saɓe, naman ya ƙara janyewa, sai ga sabon rami ƙarƙashin cikon, bakinsa kuma ya dafe.

Likita ta biyu ba ta yarda ta taɓa ramukan ba sai da ta ɗauki hoton ƙashi, ta kankare dattin da ya daskare, muka jira jinin ya tsaya. Ita ta fahimtar da ni cewa naman nan a kan ƙashi yake zaune. Binciken wani likitan dasashi mai suna Tarnow na 1992 ya nuna in tazarar da ke tsakanin mahaɗar haƙora biyu da kan ƙashi ba ta wuce milimita 5 ba, nama kan cike gurbin kusan ko yaushe. A milimita 7, kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai. Shi ya sa yawancin gyaran saukar da mahaɗar suke yi, ba tsirar da nama ba.

Na zaɓi farin ciko mai launin haƙori, wanda ke faɗaɗa gindin ba tare da an goge lafiyayyen haƙori sosai ba. Akwai ɗan goge gefen haƙoran a matso da su da wayar daidaita haƙora. Akwai allurar hayaluronik, wani ruwa mai kauri da ake ɗura wa dasashin don ya ciko, amma tana sacewa, sai an maimaita. Mai ramuka da yawa kan sa dasashin roba da ake cirewa. Ɓawon tangaran kuwa, wato biniya, ku yi dogon tunani, domin abin da aka goge daga haƙori ba ya dawowa.

Rami ɗaya na can gefe na bar shi yadda yake. Kowane dare nakan zura masa ɗan siririn buroshi, a hankali.